Sunan da Ke Bayan Takardar Kiɗa

Ƙarar ta yi kama da ta ɓera a buhun shinkafa, amma ɓera ba ya tsayawa ya hura iska. Sajida ta sauko daga gado ta bi ta har kicin. Mijinta Talib ne zaune gaban fitila da tulin tsofaffin takardu, yana goge wani abu da kilina.

"Abu Wisam, aljanu ne suka taɓa ka?"

"Sunana nake cirewa."

Shekara talatin yana busa ƙahon tagulla a babbar ƙungiyar kiɗa ta Bagadaza. Al'adarsu ce, duk wanda ya gama wasa ya juya takardar kiɗansa ya rubuta sunansa da ranar da fensir. Yanzu ƙungiyar za ta baje tarihinta a akwatunan gilashi, ta roƙi tsofaffi su kawo abin da suka ɓoye. A unguwar da suka koma kuwa, kowa ya san Talib a matsayin tsohon akawun hukumar ruwa, don haka ya gaya musu. A watan jiya masu bindiga suka harbe wani mai kiɗan biki a bakin gidan burodi saboda sana'arsa.

"To ka ce babu mana," in ji ta. "Ka ce gara ta cinye."

"Na riga na ce akwai."

Da safe Rafah ta iso, 'yar abokinsa marigayi Nizar mai goge, ita ce ke shirya baje kolin. Ko shayin da aka kawo mata ba ta taɓa ba. Ta juya takardun ɗaya bayan ɗaya, ta ga gurbi fari a tsakanin sunaye.

"Baffa, ai ka mayar da kanka fatalwa. Ƙungiya guda ba mai ƙaho?"

"Fatalwa ba a tsayar da ita a shingen bincike, 'yata."

A takarda ta ƙarshe ta dakata. Rubutun hannun mahaifinta ne: Nizar da Talib, ranar da wuta ta ɗauke muka ƙarasa a cikin duhu. Sunayen biyu sun hau juna, ba yadda za a goge ɗaya a bar ɗaya.

Sajida ta miƙa masa kilinar. "'Yan talabijin za su zo, Rafah ta faɗa. Goge, don Allah. Ɗanmu Wisam a layin nan yake wucewa kullum."

Talib ya daɗe yana kallon rubutun. Har yana jin warin kyandir ɗin da wani ya kunna a layin baya a waccan ranar. Ya ajiye kilinar a kan faranti.

"Sa ta can ƙasan akwatin gilashin, Rafah. Inda sai mutum ya sunkuya."

Suka naɗe ƙahon a bargo, ya rungumo shi kamar mara lafiya zuwa motar Rafah. A bakin ƙofa suka tarar da maƙwabcinsu Abu Muhannad, wanda 'ya'yansa biyu ke cikin masu bindigar da ke tsaron shingen unguwa, yana wanke dakali. Gefen bargon ya zame, tagulla ta haska.

Mutumin ya kashe famfo, ya goge hannu a riga.

"Hajji, wannan wane irin bututu ne hukumar ruwa take rabawa?"