Shamuwar Nevena

Tun farkon aurensu, duk shigowar watan Maris Nevena kan murɗa zare ja da fari ta ɗaura wa mijinta Dobrin a wuyan hannu, ita ma ta ɗaura nata, don neman lafiya. Kowa a birnin Plovdiv ya sani, ba a kwance zaren sai an ga shamuwar farko, sannan a ɗaura shi a reshen bishiya.

Bana a asibiti ta ɗaura masa, bayan an yi masa aikin zuciya. Ana cikin haka aka gano wata ƙwayar cuta dangin fumfuna a fatarsa, irin wadda ke bin majinyata gado-gado, magani kuma ba ta jinsa. Aka ware shi ɗaki guda, aka hana ziyara.

"Inna, ki yi masa magana," in ji nas Ralitsa. "Cutar nan a zare take maƙalewa. In ta shiga ɗinkin ƙirjinsa ta kai jini, ba mu da ta cewa. Ya ce sai dai mu yanke hannun."

Nevena ta tsaya bakin ƙofa, hanci a rufe. Tsoro ya cika ta, amma da faɗa ta soma, don shi ta fi iyawa.

"Kai tsoho, zare ne ya haife ka?"

"Ke kika ɗaura," ya ce. "In ga shamuwa tukuna."

Shamuwa a tsakiyar birni, ana wannan sanyi! Mutumin nan taurin kansa ya fi ƙaho, ita kuwa sonsa take kamar ranta. Ta yi tsaki ta fita.

Can sai Ralitsa ta juya gadonsa wajen taga. Ga Nevena a farfajiya, ta yafa farin zanen gado, ta ja jar safarta har gwiwa, ta ɗage ƙafa ɗaya tana kaɗa hannuwa. Tangaɗi take, masu wucewa na kallo, ko a jikinta.

Dobrin ya yi dariya har sai da ya dafe ƙirji.

"Wannan shamuwa ta sha miya," ya ce. "Maza yanke, 'yata, kafin ta karye min."

Ralitsa ta sa almakashi, zaren ya tafi kwandon ƙonawa. Dobrin ya bi shi da ido, dariyar ta ɗauke, don ba bishiyar da za ta karɓi nasa.

Nevena ta hango fuskarsa ta tagar. Ta kwance nata, ta raba jan da farin, ta ɗaura su ƙulli biyu a reshe ɗaya na wata bishiyar farfajiyar, daidai inda zai riƙa gani daga kwance.