Ciyawar da Aka Ba Ruwan Sha

Cikin dare tsoho Remanindry ya ji wani ƙaras-ƙaras a bayan bukka, kamar kunkuru na tonon rami. Ya ɗauka ruhohin kakanni ne suka zo yawo, ya ja bargo.

Da gari ya waye sai ya tarar da matarsa Vahosoa ta dasa tonga a ƙofar gida, ciyawar nan mai jan fure da ta yi shekara da shekaru tana tugewa daga gonar rogo. Har tana zuba mata ruwan shan da aka ɗauko a keken shanu daga nesa.

"Tsohuwa, ƙishirwa za ki kashe mu da ita saboda ciyawa?"

"Rufa min baki, sarkin mafarki. Ba ka ji ɗanka ba?"

Ya ji mana, jiya ɗan nasu ya bugo waya. Jikarsu Soanome na kwance a asibitin babban birni Antananarivo da sankarar jini, kuma likita ya ce maganin da ake ɗura mata a jijiya daga ganyen tonga ake tace shi. Ɗan ya gargaɗe su kada su dafa su sha, wanda ba a tace ba guba ne.

"Ba dafawa zan yi ba," in ji Vahosoa. "Haƙuri nake ba ciyawar."

Da hantsi maƙwabcinsu Tsiatosika ya kawo waya, ɗansu ne ya sake bugowa. Zazzaɓin Soanome ya sauka, ta cinye kwanon shinkafa tana neman ƙari. Remanindry ya juye sauran ruwan kofinsa a gindin furen.

Tsiatosika ya dubi gonar rogo, jawur da tonga.

"To, in damina ta faɗi, wa zai fara sa mata fartanya?"