Keken Inna

Da rarrafe na tarar da Inna tana nufar banɗaki, tana jan shanyayyun ƙafafunta a kan siminti. Gwiwoyinta duk sun saɓule. Ban san lokacin da jakata ta faɗi ba.

"Inna, ina keken guragun da na saya miki?"

"Yayanki ya ara," ta ce, ba ta ɗago kai ba.

Matar Yaya ce ta miƙo min wayarta, ta nuna min hoton bidiyon da aka saka a intanet. Ga Yaya a ƙofar masallaci, carbi a hannu, yana tura keken Inna gaban wani gurgu. Har tsumman da na naɗe hannun keken da shi na gane. Ya rungume mutumin, ya dubi mai ɗaukar hoton, sannan ya share hawaye. A ƙasan hoton jama'a sai zuba masa addu'a suke yi.

*

A shagonsa na same shi. Yana ganin masu sayayya sun shigo ya ƙara sautin wa'azin da ke rediyo.

"Yaya, wannan riya ce."

Tun muna yara shi ya koya min kalmar: ibada don idon mutane. Ban taɓa zaton shi zan faɗa wa ita ba.

"Subhanallahi," ya ce da ƙarfi, don na bakin ƙofa su ji. "Don a yi koyi na sa aka ɗauka, ƙanwata. Ke da kika zo kina shelar kin saya wa uwarki keke, ke ya kamata ki binciki niyyarki."

"Rarrafe take yi."

"Inna ai a gida take. Ina za ta je?"

Masu sayayya suka bi ni da kallon marar kunya. Na juya na fita.

*

Na dawo na zauna ina shafa wa Inna magani a gwiwa, ina ba ta labarin abin da na faɗa wa Yaya. Ta cije leɓe, sannan ta riƙo hannuna.

"Kada ki sake kiran wannan kalmar a kan ɗana. Tana da nauyi."

Can ta ce a ƙara nuna mata hoton. Ta kusantar da wayar ga idonta, ta daɗe tana kallo.

"Wannan bawan Allah," ta ce, "ko an gaya masa tayar hagu tana sacewa?"