Shafin da Wuƙa Ta Buɗe

Dakta Surajo Jumare mutum ne mai son a ce shi ya fara gani. A Jamus ya karanci haɗa magunguna, can kuma ya kwaso ciwon sayen tsofaffin littattafai. Duk Juma'a bayan La'asar dattawa kan taru a gidansa na unguwar Ƙuba a Madina, ana zuba gahawa yana fassara musu tarihin Jamus kai tsaye. Ba ya leƙa shafi kafin a zauna, wai ya fi daɗi a ji tare.

Na wannan watan labarin rayuwar wani hafsan Jamus ne da ya yi yaƙi a Adamawa. Littafin ya haura shekara ɗari, amma bakin shafukansa a haɗe suke tun daga maɗaba'a, sai an bi da wuƙa. Surajo kan tsaga su a gaban jama'a yana wani hura hanci.

Alhaji Hamid bai taɓa fashin zama ba. Jamusawa ne suka rataye kakansa, kuma har ya tsufa a Madina yana neman sanin wanda ya nuna musu maɓoyarsa. Saura mako biyu a ɗaura auren jikansa da Hanifa, 'yar Surajo. Sai da ya binciki asalin su Surajo kafin ya yarda, aka tabbatar masa Jumare na farko gudun mulkin Nasara ya yi.

Ran nan Surajo ya tsaga shafi, ya karanta yadda sojoji suka kewaye wani gari, malamin garin ya ɓuya a rumbu. Alhaji Hamid ya ajiye kofinsa.

"Shi ne kakana. Yalla, Dakta, ci gaba."

"Sai tafintanmu ya kai mu har bakin rumbun," in ji Surajo, "mutum mai aminci, sunansa..."

Idonsa ya riga bakinsa isa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

"Bai faɗi sunan ba," ya ce. "Khalas, mu tsaya nan."

Amma shi da kansa ya saba musu da wata al'ada: in an tashi, littafi kan zaga hannu-hannu a kalli hotuna. Kafin ya rufe, na kusa da shi ya karɓe. Surajo na kallo yana tafiya, mutum ɗaya, biyu, uku.

Alhaji Hamid ya gyara tabarau. Ya daɗe a kan hoton wani dogon mutum tsaye gefen hafsan. Sannan ya ɗora yatsa a kan rubutun da ke ƙarƙashin hoton, ya juyo da littafin.

"Ba na jin Jamusanci, Dakta," ya ce a hankali. "Amma wannan kalmar, Jumare, ita ce a jikin katin ɗaurin auren da ka aiko mini."