Kwalekwale a Tsakar Gidan Talatu

Tun da Muktar ya auri Sadiya, 'yar autar Talatu, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Nguru ta shiga uku. Da can, in aka ce uwa da ɗa a dandali, to Talatu da Muktar ne. Ta sha murɗe masa kunne a gaban jama'a, ta sha bin sa da muciya, 'yan kallo na dariya har da riƙe ciki. Yanzu kuwa ya zama suruki. In ta shigo ta gaba, ya sulale ta baya. In babu hanya, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ido a ƙasa, sai ta wuce. Ita ma ko sunansa ta daina kamawa, sai dai ta ce angon auta.

Ana cikin haka Dunoma, shugaban ƙungiyar, ya samu damar yin fim ɗinsu na farko. Labarin wata mai sayar da kifi ce a Gashua da ɗanta da ya raina sana'ar gado. Babbar fitowar kuwa uwa da ɗa ne a ɗaki, ido cikin ido, tana wanke shi tas. Da aka zo gwaji, Muktar ya buɗe baki, babu abin da ya fito sai gumi. Talatu ta ja mayafi ta koma yi wa bango faɗa. Abin dariya, abin haushi.

Dunoma ya same ta a gida, ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi awaki, ya tambayi ciwon gwiwa. Daga ƙarshe ya ce in ba a samu mafita ba kafin ruwan kogi ya ja baya, dole a ba wata matsayin uwar. Muktar dai ba ya canzuwa, shi matasa ke son gani. Talatu ta ce ba komai. Ƙarya take yi. Gashinta a dandali ya yi fari tana jiran ranar da za a ɗauke ta a fim, ranar ta zo, kunya za ta ƙwace mata. Abin ya ci mata rai ƙwarai.

Ran kasuwa sai ga Dunoma da wata Bayarbiya, Fisayo, wadda aiki ya kawo Gashua. Ita ke tsara musu inda kowa zai tsaya da inda kyamara za ta zauna. Ta fito da wani ƙaton tabarau mai haɗe da wayarta, ta ce ta riga ta ɗauko wuraren da za a yi fim ɗin, duk suna ciki. Talatu ta ce ita idonta garau yake. Da ƙyar ta yarda aka ɗaura mata.

Ikon Allah! Tsakar gidanta na nan, ga turmi, ga akuya tana cin dusa, amma a tsakiya ga ɗakin Gashua ya tsaya da bangonsa da tabarmarsa. Kuma ga Muktar tsaye a ciki. Talatu ta zabura ta rarumi mayafi.

"Mama, ba shi ba ne," in ji Fisayo tana dariya. "Hotonsa ne na ɗauka jiya. Ba ya ganinki."

Da Talatu ta tabbata, sai ta gyara ɗaurin zani ta sauke wa hoton nan kwandon faɗa, har akuya ta bar dusa ta tsere. Dunoma ya tafa, sannan ya tuna mata cewa ranar ɗauka mutum za a tsayar mata, ba hoto ba. Jikinta ya yi sanyi.

Fisayo ba ta karaya ba. Ta yi ta jan Muktar da yatsa a kan wayarta, ta kai shi bayan ƙofa, ta kai shi lungu, ta zaunar da shi. Duk inda ta sa shi, Dunoma ya ce faɗan ya mutu. Tana cikin lalube sai yatsanta ya zame, ɗaki ya ɓace, bakin kogin Gashua ya shimfiɗu a tsakar gida da wani kwalekwale a ɗaure. Za ta mayar, Talatu ta ce ta dakata.

Ta jawo kujerar tsuguno ta ajiye daidai goshin kwalekwalen, ta zauna tana fuskantar gaba. Ta ce a sa mata angon auta a baya da sandar tuƙi.

"Dunoma, kai da ka taso a bakin ruwa," ta ce, "ka taɓa ganin wanda ya juyo yana kallon mai tuƙi?"

Fisayo ta dasa kyamara a gaɓar da ke cikin hoton, ta miƙa wa Dunoma tabarau. Ya ga fuskoki biyu a fili, ta uwa da ta ɗa, kuma babu mai kallon wani. Da ya cire tabarau, sai ya ce a sake rubuta fitowar.

Haka aka yi ta gwaji. Talatu a Nguru da hoton Muktar a bayanta, Muktar a Gashua yana amsa wa ƙeyar hotonta. Ko a mota ba su haɗu ba.

Ranar ɗauka da hantsi Talatu ta riga Muktar shiga kwalekwalen gaske. Ba ta waiwaya ba, ta dai ji bayan kwalekwalen ya ɗan nutsa. Aka ba da alama, ta fara. Ta yi faɗan da ba ta taɓa yin irinsa ba, shi kuma ya mayar mata da cikakkiyar murya, muryar da rabonta da ji tun kafin biki. Masuntan da ke gaɓa suka saki taru suna kallo.

Maganganun da aka rubuta suka ƙare, Dunoma bai tsayar ba. Kwalekwale na tafiya a hankali, tana jin numfashin yaron a bayanta. Ta san in ta taka tudu, bakinta ya sake rufuwa ke nan. Sai ta ce, idonta a kan ruwa:

"Auta tana gaya min irin riƙon da kake mata. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka."

Sandar tuƙi ta tsaya cik.

"Amin, Inna," ya ce. "Na gode."

Da suka iso gaɓa ta fita ba ta juyo ba, shi kuma ya durƙusa a cikin kwalekwalen har ta haye. Ta wuce Dunoma da ke ta murna, ta je ta kama hannuwan Fisayo biyu ta riƙe gam.

"'Yata, aikina kika mayar min," ta ce. "Kuma yau na yi magana da surukina."