Kyauta Ta Koma Daka

Ranar da za a sake auna mini suga, da asuba na yi wanka na ciro zanen da ya shekara huɗu a ƙasan akwati don ya ƙi zagaye ni. Ya zagaye, har da ragowa! Ni kaɗai a ɗaki na yi ta juyi ina dariya.

Ni ce Kyauta, matar Sahabi mai albasa, nan Magarya. Da can in na shiga gidan biki sai mata su ce ga mai cika ƙofa ta iso, ni kuma in ƙara buɗe kafaɗa, don a wurinmu ƙibar mace shaida ce miji na kula da ita. Sai ƙishirwa da yawan fitsari suka kai ni asibitin garinmu. Malama Mashkura, ma'aikaciyar jinya, ta soki yatsana, ta dubi na'urar, ta dube ni. Ɗari uku saura kaɗan. Ciwon nan ne ya ci ƙafar mahaifiyata, daga ɗan yatsa har gwiwa, kafin Allah ya karɓi abinsa.

Malama ta ba ni ƙwayoyi da wa'adin wata uku. In bai sauka ba, allura ce kullum. Ta ce in rage tuwo, in bar suga, in riƙa motsa jiki.

"Malama, mi kike nuhi? Matar aure, in hita bisa hanya ina gudu awa ɗan ƙwallo?"

Ta ce, "Akwai turmi gidanku?"

Daga ranar hatsinmu bai sake ganin inji ba. Safe daka, yamma daka. Makon farko na tsine wa taɓaryar nan ya fi a ƙirga, hannuna duk kanta. Maƙwabciyata Husainatu ta kawo mini hulba da ganyen zogale, wai in jiƙa in sha. Na kai wa Malama ta gani. Ta ce in sha kofi ɗaya, amma ranar da na aje ƙwaya saboda ganye, kada in ce ta san ni. Kafin wata biyu mu huɗu ke lugude a tsakar gidana, har masu wucewa na tambaya wa za a aurar.

To, yau likita zai zo daga Wurno ya yanke hukunci, kuma an ce kada in sa komai a baki sai an auna. Ina ɗaukar mayafi sai ga sallama da ƙarfi. Inna Sabuwa ce, ƙanwar mahaifiyata, daga Goronyo, da ƙwaryar fura a kanta. Tana ganina ta dafe ƙirji.

"Subhanallahi! Kyauta, ina sauranki? Ashe gaskiya anka hwaɗa min! Sahabi, hito!"

Bawan Allah ya fito ya durƙusa, kai a ƙasa. Suruka ce, ba damar amsawa.

"Mun ba ka ɗiya ƙosassa, kai ko ka hana a kai hatsi inji, ka maishe ta jakar daka. Yau ƙahwata ƙahwatta, Goronyo za ta kwana!"

Na ce, "Inna, wallahi ba shi na ba, magani nika yi."

"Daka magani? Zauna nan."

Ta sauke ƙwarya, ta zuba suga da hannu biyu, ta dama, ta miƙo mini ludayi cike. Jama'a, furar Inna Sabuwa! Ƙamshin citta da kanumfari ya bugi hancina, ga shi na kwana da yunwa. Kuma tun da nake ban taɓa mai da hannunta ba. Amma kurɓa ɗaya ta isa ta ɓata awon, wata uku na zufa su tafi a banza. Raina ya ɓaci, na ji hawaye na zuwa.

Na karɓi ludayin na mayar cikin ƙwarya. "Inna, ki gahwarce ni. Mu tai asibiti tare. In sunka ce yunwa ta, ni da kaina zan ɗauko akwatina."

Muka kama hanya a ƙasa. Ni da a da sai na huta sau uku kafin in kai bakin masallaci, yau ina gaba zanena na kaɗawa, Inna na baya tana haki tana cewa in tsaya, ba kora ake yi ba.

Malama ta soki yatsana. Na rufe ido. Sai na ji ta buga tebur.

"Ɗari da goma sha takwas! Likita, zo ka gani!"

Likita ya duba, ya ce babu maganar allura, in ci gaba da ƙwaya da duk abin da nake yi. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, a cikin asibiti, har mai gadi ya leƙo. Na rungume Malama na kusa kayar da ita.

Inna dai ta tsuke baki. "Lamba na kawai. Ni dai na ga ɗiyata ta rame."

Sai na zauna a benci na tuɓe takalmi na miƙa mata ƙafata. "Inna, ke kinka yi jinyar Innata. Ƙirga."

Ita ce ta yi wata bakwai tana wanke gyambon yayarta. A hankali ta durƙusa, ta riƙe ƙafar da hannu biyu, tana taɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana duba tsakaninsu. Hawayenta ya ɗiga a kan babban yatsana.

Da muka koma gida Sahabi na nan inda muka bar shi, ya yi tsuru-tsuru. Inna ta wuce shi, ta ɗauki taɓarya ta jijjiga, ta ji nauyinta. Sannan ta nuna shi da ita.

"Kai, Sahabi. Ran da nij ji ka kai hatsin gidanga inji, ni da kai na."