Hoton Marka Mai Zanen Ƙwarya

A tsakar gida a Bakura aka ƙulla cinikin, tsakanin Salma da kakarta Marka mai zanen ƙwarya.

"Kwana bakwai za ki yi bakin murhuna in koya maki zanen ƙwarya," in ji Marka. "Ke ko ki zana ni cikin wanga gilashi naki, amma ki maishe ni budurwa. Hamma na Maradun nika son aika ma, tsohon da ka sayen ƙoraina yana wani murmushi."

"Kaka! Da girmanki?"

"Ja'ira, ina ruwanki da girmana? Kin yarda ko ko?"

Ta yarda, don tura ta kai bango. Salma a Talata Mafara take zane da kwamfutar hannu, kuma Madam Priscilla mai buga littattafan yara ta faɗa mata gaskiya: zanenta tsaf yake, amma kamar na kowa. In Juma'a ta sama ta wuce ba ta kawo wanda za a gani a ce hannunta ne ba, wani za a ba aikin.

Marka ta gasa ƙarfe a garwashi, ta miƙa mata da ƙwarya. Salma ta ja layi, ya karkace. Sai ta kai yatsu biyu ta ƙwanƙwasa ƙwaryar, yadda ta saba taɓa gilashi kuskure ya goge.

Marka ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi. "Jama'a ku taho, tana sallama da ƙwarya! Ɗiyata, abin da wuta ta ci ba ya gogewa. In ya karkace, bi shi ki ga inda za shi."

Ƙorai tara Salma ta ɓata. A ta goma ta lura da abin da ke gabanta tun tana goye: ƙarfe in yana da zafi layi kan fito baƙi, kakkaura, yana hucewa yana sirancewa har ya koma kamar gashi. Ta yi tsalle ta ɗauko kwamfuta, ta saita alƙalaminta haka, ta yi alkawarin ba ta ƙara gogewa. Ta zana jaki da kayan albasa, ta zana masuntan madatsar ruwan Bakolori. Ƙafar jakin ta karkace, ta bi ta, sai ga jaki yana rawa. Ita ma ta tashi ta taya shi, sannan ta tura wa Madam Priscilla zanen.

Ran Alhamis Madam Priscilla ta bugo waya tana ihu: "Wannan fa! Aiki naki ne!"

Saura hoton Marka. To, hannun da ya daina gogewa ba ya iya ƙarya. Tsohuwa ta fito da giɓinta da tamojinta, tana ƙyaƙyata dariya. Salma ta tura wa Hamma kafin ta nuna wa Marka.

"Ina budurwar?" in ji Marka.

"Kaka, abin da wuta ta ci..."

Da muciya aka raka ta har ƙofar gida.

Washegari sai ga Hamma a kan babur, ba ranar kasuwa ba, yana nuna wa duk wanda ya tsaya wayarsa. "Wallahi ita ce! Kamar ta zage ni!"

Salma ta ci riba, ta samu aiki ta samu hannu. Hamma ya samu dalilin zuwa Bakura. Marka ce ta faɗi: ƙorai tara, da ƙuruciyar da aka yi mata alkawari, da kuma furar da yanzu take dama wa Hamma sau biyu a mako.